Kwandon Sabuwa

"Umma, ranar da kika shiga kwando kika sauka ƙasa, wa ya riƙe miki igiyar?"

Fauziyya ce ta yi tambayar, 'yata mai shekara biyar, bakinta duk miyar kuka. Ranar Juma'a ce bayan an sauko, muna falonmu a hawa na biyar a unguwar Madinat Nasr ta birnin Alƙahira, kuma ba mu kaɗai ba ne. Ɗalibai mata uku suna zaune a ƙasa suna cin tuwon shinkafa, domin duk Juma'a nakan yi tuwo in kira 'yan gida da suka gaji da wake da taliyar Masar. Babbarsu Fatimatuzzahra, 'yar Azare, tana shekara ta uku a karatun Shari'a. Ita ce ta tsaya da loma a hannu.

"Wane kwando, 'yar Umma?"

"Na baranda mana. Umma ta ce ta shiga da littafinta a hammata, ta ce ita ba ta da bawwab."

Na ce, "Fauziyya, ci abincinki."

Fatimatuzzahra ta ajiye lomar a hankali. Ta kalli wushiryata. Ta kalli babban yatsana na hagu, inda wuƙa ta taɓa yanka ni. Sannan ta kalli baranda, inda kwandonmu yake rataye da igiyarsa.

Sai in koma baya kaɗan, don a gane abin da ya sa ta yi ihun da ta yi.

Mun zo Alƙahira a 2011, mijina Munkaila yana digirinsa na biyu, ni kuma ina riƙe da gida. A ƙarshen zafin 2013 aka sa dokar hana fita, kowa ya dawo gida da wuri ya zauna. Ni dama ba mai fita ba ce. Ko da lafiya lau ake, ba na tsallaka babban titi sai na jira wata tsohuwa ta zo na bi bayanta. Tukunyar gas sau uku nake dubawa kafin in bar kicin. To a wannan zaman ne na fara ƙirƙirar labarin wata ɗaliba mai suna Sabuwa.

Ba na iya rubutu a zaune. Ina girki nake faɗin labarin da baki, waya tana naɗa, in Fauziyya ta yi barcin rana sai in buga. Kuma da "ni" nake faɗa: ni na je, ni na ce. Na ba Sabuwa garinmu Funtuwa, na ba ta wushiryata da tabon yatsana, har hawa na biyar ɗin na ba ta. Sauran kuwa duk abin da ba ni da shi ne. Sabuwa tana zama a gidan shayi cikin maza ta yi karatunta, ba wanda ya isa ya tashe ta. Direban bas ya yi mata tsawa, ta mayar masa biyu da irin Larabcinsa. Manyan ɗalibai su kira taro su ce kada mace ta yi kaza, ita kuma ta tashi ta tambaye su shafi da layi. Maganarta guda ce: "Ba ni da bawwab." Wanda bai zauna a nan ba, bawwab shi ne mai gadin ƙofar bene. Ya san lokacin da kika fita, ya san da wa, kuma kafin ki dawo yayanki ya sani.

A babi na bakwai yayan Sabuwa ya kulle ta a gida ranar jarrabawa. A nan kowace baranda tana da kwando mai igiya, sabat suke ce masa, ana zura shi ƙasa mai kayan miya ya sa miki tumatir ki ja. Ina yanka albasa na kalli namu, sai kawai na ji bakina yana cewa, "Na shiga kwandon, littafina a hammata, na sauka."

A Facebook nake sa babin, ba suna sai Sabuwa. Wata ta buga ta kai shagon fotokofi, aka fara ɗaure shi da bangon takardun Nahawu, yadda za ki karanta a gaban kowa a ɗauka nazari kike. Wasu manya suka yi wa'azi a kansa, washegari shagon ya rasa takarda. 'Yan mata suka fara ɗaura guntun igiyar shanya a wuyan hannu. Wasu suka rubuta "ba ni da bawwab" da lalle a tafi. Duk ina gani, ina zuba musu tuwo, ina cewa, "Kai, 'yan matan yanzu." Munkaila kaɗai ya sani. Ban taɓa tuna cewa akwai wata 'yar mutum da take zama a ƙofar kicin da 'yar tsanarta, tana jin uwarta tana cewa ni na yi, ni na yi ba.

Ihun Fatimatuzzahra sai da ya sa Mahasin, maƙwabciyata Bahaushiyar Sudan, ta buga bango. Sauran biyun suka rungume juna suna tsalle da gwiwa. Ɗaya ta kama hannuna tana murza tabon, wai ko zai goge.

Fatimatuzzahra ta ce, "Anti Rahina! Ke ce? Ke ce duk wata goman nan? Muna cin tuwonki muna ba ki labarinki?"

"Ku rage murya, Malam yana ciki."

Munkaila ya leƙo da littafi a hannu, ya dube mu, ya ce, "Khalas, shi ke nan, asiri ya tonu. Ni dai a rubuta a ajiye, yayanta ne ya kulle ƙofar, ba miji ba." Ya koma.

Fauziyya kuwa tana nan a kan bakanta. "To wa ya riƙe?"

Fatimatuzzahra ta ɗaga ta sama tana juyi da ita. "Ba wanda ya riƙe mata, 'yar gidan jaruma! A jikin ƙarfen baranda ta ɗaure, ta sauke kanta da kanta!"

Na ji wannan amsar da kunnena. Dariya na yi.

Makonni biyun da suka biyo baya, gaskiya, ban taka ƙasa ba. Juma'ar gaba takalma goma sha tara na ƙirga a bakin ƙofa, ƙafa-ƙafa. Sun zo daga unguwar Abbasiya, sun zo daga unguwar Arba wa Nus, har da 'yan Nijar da suke ta surutu da Faransanci suna nuna wushiryata. Tuwo ya ƙare, na dafa taliya, ta ƙare, suka ci burodi da shayi suna cewa ba su taɓa jin mai daɗinsa ba. Wata ta roƙe ni in yanko mata igiya daga ta kwandonmu. Wata ta ce ranar da ta karanta babi na huɗu ta shiga ofis ta karɓo takardarta da aka yi wata uku ana ce mata gobe. Na shiga banɗaki na yi rawa ni kaɗai, na fito da fuskar manya.

Kuma duk wadda ta zo sai ta matso ta rage murya. "Anti, tsakani da Allah, kin sauka ɗin?"

Ni kuma sai in gyara zama in ce, "Me littafin ya ce?"

Ban ce e ba. Haka na riƙa gaya wa kaina. Amma har tafiyata ta canja. Ranar wata Lahadi direban bas ya wuce da ni inda zan sauka, na ce masa bai kyauta ba. A hankali na faɗa, bai ma ji ba, amma na dawo gida kamar na ci yaƙi.

Ranar Talata da hantsi ina soya albasa ina naɗar babi na goma sha shida. Mai kayan miya yana ƙasa da jakinsa yana kira. Sai na ji muryar Mahasin daga barandarta, irin muryar da ban taɓa jin ta yi ba.

"Ya Umm Fauziyya! Yarinyar! Yarinyar!"

Ban san yadda na ratsa falon ba. Barandarmu na sa mata raga tun ranar da muka tare, sai ɗan gurbi guda da na bari a sama don zura kwando. Fauziyya ta jawo kujera ƙarƙashin gurbin. Ta ɗora kwandon a kan ƙarfen, ta ɗaure igiyar da irin ƙullin da take yi wa takalminta. Ƙafarta ɗaya tana cikin kwandon. Littafinta na koyon baƙi yana hammatarta.

Na cafko ta ta baya muka zube tare. Albasar ta ƙone ƙurmus, ban tashi ba. Ita ko kuka ba ta yi ba, haushi ma take ji.

"Umma, kin ɓata min. Saura kaɗan."

Da na samu numfashi na zaunar da ita a cinyata. "Saurara. Ban taɓa shiga kwando ba. Ban taɓa ba, ko sau ɗaya."

"Na ji ki kina faɗa."

"Labari ne. Ƙirƙira na yi."

"Ƙarya ke nan? Kin ce ƙarya haramun ce."

"Ba ƙarya ba ce, labari ne."

"To in ba ƙarya ba ce, kin shiga." Ta kama yatsana ta nuna min tabon. "Anti Zahra ta ce gaskiya ne. Kowa ya ce. Kunya kike ji."

Munkaila da ya dawo sai ya sa kwaɗo a ƙofar baranda, ya ɗora kwandon a saman durowa. Amma Mahasin tana da kwando. Gidan da Fauziyya take zuwa hadda akwai kwando. Ki tsaya a titinmu ki ɗaga kai, kwanduna ne reras har inda ido ya tsaya. Yarinyar kuma ta daina gardama, wanda ya fi ba ni tsoro. Sai dai ta tambaye ni, wai in ta kai shekara shida igiyar za ta yi mata tsawo ko gajarta.

Na ce to, ni na haifi Sabuwa, ni zan hora ta. Na zauna na yi sabon babi: ta sake gwada kwandon, igiya ta tsinke, ta karye a ƙafa, ta yi wata biyu a kwance tana nadama. Na karanta wa Fauziyya da babbar murya. Ta ce, "Amma ƙafarki ba ta karye ba." Juma'ar da ta zo kuwa 'yan mata bakwai suka shigo min da bandeji a idon sawu, suna ɗingishi suna dariya. Sabon yayi ke nan. Ta takwas ɗin nata na gaske ne. Ta gwada daga hawa na ɗaya a Arba wa Nus ta gurɗe, kuma sai da aka ba ta wuri mafi kyau a falon, ana yi mata fifita.

Ranar na gane cewa da baki ba zan ci wannan yarinyar da na ƙirƙira ba. Ta fi ni farin jini, ta fi ni iya magana.

Ranar Alhamis na kama hannun Fauziyya muka je kantin magani, na ɗora ta a sikeli. Kilo goma sha bakwai. Daga nan muka wuce wurin mai kankana, na ce ina son biyu da za su haɗa sha bakwai daidai. Ya ɗauko wata yana bubbuga ta, yana rantsuwa zuma ce, zai yanka in gani. Na ce ba ruwana da zaƙi, nauyi nake so. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya auna har sau biyar kafin muka samu tara da takwas.

"Kin gani?" na ce mata. "Waɗannan biyun nauyinki ne cif. Gobe su za su fara shiga kwandon. In sun sauka lafiya, sai mu yi magana."

Ta yi tsalle. Munkaila kuwa ya ja ni gefe.

"Maman Fauziyya, in kuma suka sauka lafiya fa? Kin ba ta hujja ke nan, da shaidu."

"Ba za su sauka ba."

"Kin gwada?"

Ban gwada ba. Kwando ɗaya gare mu. Ban gaya masa cewa na riga na yanke shawara ba: ƙaramar wuƙar kicin za ta kasance a aljihun rigata, kuma in kwandon nan ya wuce hawa na uku bai fashe ba, zan taimaka masa. Allah Ya yafe min, amma da in yi gaskiya da kankana gara in ga 'yata a raye.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sauke kowa ƙasa. Mutum ashirin ba za su hau min baranda ba. Bawwab ɗinmu, Ammu Ishaq, dattijo ne mai son a san shi ne da ƙofar, don haka da Munkaila ya yi masa bayani sai ya ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Ya sa aka janye motoci biyu, ya tsare titin da sanda, yana korar masu wucewa yana cewa 'yan Najeriya za su yi gwaji. 'Yan matan suka jeru a tsallake da igiyoyinsu da bandejinsu. Fauziyya tana wuyan babanta. Maƙwabta suka fito baranda-baranda da kofunan shayi.

Ni da Mahasin muka ɗaga kwandon da ƙyar. Na ɗaure igiyar a jikin ƙarfe, yadda littafin ya ce, na sa safar hannu ta wanke-wanke. Mahasin tana ta kiran sunan Allah, "Ya Sattar, ya Sattar." Daga ƙasa na ji Fatimatuzzahra ta ɗaga murya, "Yalla, Anti!" sauran suka ɗauka.

Na saki kaɗan. Kwandon ya yi ƙara irin ta tsohuwar kujera. Na ƙara saki. Ya wuce ƙasan barandarmu, yana juyawa a hankali, lafiya lau, kamar an yi shi don haka. Ya kai tagar hawa na huɗu. Na sa hannu ɗaya a aljihu na taɓa wuƙar.

Ban fito da ita ba. Hannun kwandon ne ya zare daga gefe guda, ɓarat, igiyar ta yi sakayau a hannuna.

Kankanar nan biyu suka tarwatse a ƙasa da wata irin ƙara. Ja ya watsu har tsakiyar titi, har gaban rigar Ammu Ishaq. Jakin mai kayan miya ne kawai ya yi magana.

Ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba, sai ga ni na kama raga na leƙa ta gurbin ina ihu da Hausa daga hawa na biyar.

"Kun gani? Ban taɓa shiga ba! Wallahi ban taɓa ba! Ni ko titi ba na tsallakawa sai na bi bayan tsohuwa! Gidan shayi ban san cikinsa ba! Bawwab kuwa ga shi nan, ina da shi, kullum sai na gaishe shi sau biyu! Ku cire bandejin nan ku je ku yi karatu!"

Masarawan baranda ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma suka hau tafi. Sai muryar Fatimatuzzahra ta taso.

"Wallahi Sabuwa ce! Ku gaya min, wa zai jefo kankana daga hawa na biyar sannan ya yi wa unguwa huɗuba?"

Wata ta rangaɗa guɗa. Suka ɗauka gaba ɗaya, suna tsalle, masu ɗingishin ƙarya sun manta da ƙafar da ke ciwo. Na bar su. Ba don su na sayi kankana ba. Na sauko matakalar da gudu, ina riƙe da ƙarfe.

Munkaila ya sauke Fauziyya. Tana tsaye a bakin jan, ba ta dariya. Ta daɗe tana kallon wani ɓawo da ya rabe biyu.

"Umma, wannan ni ce?"

"Da kin shiga, e."

Ta matso ta kama zanina da hannu biyu. "Ke ma da kin shiga haka za ki yi?"

"Ni ma fi haka. Na fi ki nauyi sau huɗu."

Ta yi lissafi da yatsunta. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Ashe Sabuwar nan ba ta da hankali. Ki daina barin ta tana zuwa kicin ɗinmu."

Na durƙusa a cikin ruwan kankanar na rungume ta, ina dariya hawaye na zuba. Ta ce ko za ta iya cin guntu ɗaya. Na ce a'a, ya taɓa ƙasa. Ammu Ishaq ya zo yana nuna rigarsa, Mahasin ta leƙo daga sama tana ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, Munkaila kuma ya ɗauko tsintsiya da bokiti, shi da littafin fiƙihu a aljihu. Washegari da muka shiga wurin Mahasin, Fauziyya ta zagaye kwandonta daga nesa, ta ce mata, "Khala, tumatir kawai, kin ji?"

Sabuwa dai ba ta mutu ba. Na ji yanzu kankana ake zanawa da lalle. An ce takardun sun kai Kano, sun kai Damagaram, wata ma ta gan su a Omdurman ta Sudan, har yanzu da bangon Nahawu. Babi na bakwai yana ciki, ba yadda zan yi in bi kowane kwafi in yage shi.

Don haka ke da kike riƙe da shi, saurare ni da kyau. Ki zauna inda kike so, ki tambayi shafi da layi, ki karɓo takardarki, ba ni da ta cewa. Amma kwandon nan an saƙa shi ne don burodi da kilo biyu na tumatir. Sha bakwai bai ɗauka ba, a gaban mutum sama da ashirin. Kada ki shiga, daga kowane hawa, ko na ɗaya ne. In akwai yaro a gidanku, ki sa kwaɗo a ƙofar baranda yau, ki janye kujeru daga wurin, kuma kada ki karanta babin nan da murya a inda zai ji.